Ba girman faɗa ke sa ɗan kallo hawaye ba

A fina-finan jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, faɗan ƙarshe ne ke lashe maƙudan kuɗi, inda ake rusa birni guda da aikin kwamfuta. A ganina ba wannan ne ke taɓa zuciyar ɗan kallo ba, domin tun kafin a fara ya san duniya ba za ta halaka ba. Abin da ke taɓa shi shi ne asarar da jarumi zai tafka, da kuma lokacin da aka ba shi ya shaƙu da jarumin kafin asarar ta zo.

A 2016 kamfanin Warner Bros ya kashe Superman a fim ɗin Batman v Superman, alhali karo na biyu ke nan kacal da Henry Cavill ya fito a wannan matsayi. An shirya masa gagarumar jana'iza, amma 'yan kallo ba su gama saninsa ba balle su yi makokinsa, kuma kafin fim ɗin ya ƙare aka nuna ƙasar da ke kan akwatin gawarsa tana motsi. Shekara na zagayowa aka tashe shi a Justice League.

Tony Stark, wato Iron Man na kamfanin Marvel, kuwa, shekara 11 ana tare da shi. Ya fara a 2008 yana attajirin dillalin makamai mai girman kai, aka yi ta rage masa wannan hali sannu a hankali, har a Avengers: Endgame na 2019 aka ba shi 'ya mace da zaman lafiyar da ya daɗe yana nema, sannan aka sa shi ya sadaukar da duka. Wanda ya kalla ya san abin da mutumin ya bari a baya, shi ya sa mutuwar ta yi nauyi.

Ba wai DC, mai Superman da Batman, ba ta iya ba ne, domin a The Dark Knight na 2008 Batman ya kasa ceton masoyiyarsa Rachel, kuma ba a dawo da ita ba. Fim ɗin Logan na 2017 ma, wanda ba na DC ba ne, bai ce za a ceci duniya ba: jarumi ne da tsufa ya kama, yana jinyar tsohon malaminsa Farfesa Xavier, yana kuma ƙoƙarin kai wata yarinya kan iyakar Kanada. Wannan ƙaramin labari har ya shiga takarar Oscar a fannin rubutu.

Abin takaici, Marvel da kanta ta fara warware wannan saƙa da dabarar duniyoyi barkatai, wadda ke ba da damar ɗauko kowane mamaci daga wata duniyar. Hugh Jackman, wanda ya fito a matsayin Logan da ya mutu a fim ɗin 2017, ya dawo a 2024, kuma a shekarar aka sanar Robert Downey Jr, wanda ya fito a matsayin Tony Stark, zai dawo a matsayin mugu Doctor Doom. Nan gaba idan jarumi ya faɗi, ɗan kallo zai fara lissafin fim ɗin da za a dawo da shi ne.