Sanin sunan adon harshe bai isa ba

Ɗalibin sakandare a Masar, in aka ajiye masa baiti a jarabawar Larabci, tambaya biyu ake yi masa a jere. Ta farko: wane irin ado ne a baitin, tashbihi ne (kamanta abu da wani), isti'ara ce (aron sunan wani abu a kira wani da shi), ko kinaya (sakaya magana)? Ta biyu: mene ne sirrin kyansa? Tun da na fara zama a Alƙahira wannan tambaya ta biyu take damuna, domin a ajin adabin Hausa da na yi a gida a ta farko muke tsayawa. Ka ce "siffantawa", malam ya buga maka maki, a wuce gaba.

Kayan aiki dai ba mu rasa ba. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero da takwarorinsa sun yi mana aikin da ba za mu iya biyan su ba. Su suka zaunar mana da jigo da salo da zubi da tsari, suka raba kamance zuwa na daidaito da na fifiko da na kasawa, suka ba mu mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa. Sunaye ne da kunnen Bahaushe ke kamawa tun kafin a yi masa bayani. Matsalar tana wajen yadda muke riƙe su: mun mayar da su abin hadda.

A ɗauki kirarin Kano: "Ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka." Kowane ɗan aji huɗu zai gaya maka siffantawa ce, an kira gari tumbi ba tare da "kamar" ko "tamkar" ba. To, me ya sa tumbi? Giwa tana da haure, tana da ƙafa, tana da ƙaton kai, duk alamun ƙarfi ne. Mai kirarin ya bar su ya zaɓi ciki, saboda ba ƙarfin yaƙi yake nufi ba. Yana magana ne a kan garin da ke haɗiye duk abin da ya shigo masa, fatake da hajarsu, baƙi da sana'arsu, bai kuma cika ba. Rabin kirarin na biyu shi ne ya fito da wannan fili. Yaron da ya iya faɗin haka ya karanta adabi, ko da sunan adon ya kuɓuce masa.

Larabawa sun daɗe a kan wannan hanya. Ibnul Mu'utazz ya tattara nau'o'in badi'i, wato dabarun ƙawata magana, tun shekarar 274 bayan Hijira. Abdulƙahir Jurjani, wanda ya rasu a 471, ya kafa hujja cewa kyan magana yana cikin yadda aka jera kalmomi suka riƙe juna, ba a kalma ita kaɗai ba. Daga baya Sakkaki da waɗanda suka bi sahunsa suka tsara fannin balaga, wato ilimin iya magana, har ya zauna a kashi uku: ma'ani, bayani da badi'i. Misalin kinaya da kowane yaro ya sani a nan Masar shi ne kiran mutum "mai yawan toka". Toka da yawa na nufin ana yawan hura wuta, ana yawan girki, baƙi ba sa yankewa, wato mai kyauta ne. Ana bin sarƙar ne ɗaya bayan ɗaya har a isa ma'ana. Mu ma muna cewa wane "hannun jarirai gare shi", kowa ya san rowa ake nufi, amma da wuya a tsayar da ɗalibi ya bi sawun maganar har ya ga dunƙulallen hannun jinjiri da ba ya buɗuwa.

Ba ina cewa komai na nan daidai yake ba. Na duba littafin ɗan maƙwabcina, na tarar su ma amsar sirrin kyau ta zama jimla guda da ake haddacewa, ana liƙa ta a kowace kinaya. Duk da haka tambayar tana nan a takarda, kuma yaro mai basira yana samun ƙofar da zai shiga.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne zambo da habaici. Larabci yana da nasa, hija'i (zambo) da ta'arili (habaici), amma a wajenmu abin nan rayayye ne, ana yin sa a tsakar gida da bakin kasuwa da fada. Makaɗin fada yana zayyana abokin hamayyar ubangidansa, tafiyarsa da rawaninsa, har jama'a su gane shi. Mace tana daka tana rera waƙa, ba ta ambaci kowa ba, kishiya kuma ta ji a jikinta, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A nan aikin da magana ta yi shi ne komai: wa aka nufa, wa ya gane, me ya hana shi mayar da martani. Ma'anar layi biyu a allo ba ta ɗaukar wannan.

Akwai kuma almajiran zaure a Kano da Zariya da Sakkwato da ke karanta balaga a Jauharul Maknun na Ahdari da Uƙudul Juman na Suyuɗi, sun iya bin sarƙar kinaya sarai, amma kusan duk misalansu na Larabci ne. Ɗaliban sashen Hausa kuma misalan na hannunsu. Ina roƙon malamanmu masu tsara jarabawa su raba makin gida biyu, rabi ga sunan ado, rabi ga aikin da ya yi a baitin, su kuma riƙa gayyato malaman zaure cikin ajin Hausa a feɗe waƙa ɗaya tare.