Masu cewa a soke yarjejeniyar kiwo ta ECOWAS, sun ma karanta ta kuwa?

Da zarar an yi wani tashin hankali a Binuwai ko Filato sai ka ji an sake ɗauko tsohuwar waƙar nan, wai a soke yarjejeniyar kiwo ta ECOWAS, wai ita ce ta wangale mana iyaka shanun ƙasashen waje ke kwararowa yadda suka ga dama. 'Yan siyasa su faɗa, masu sharhi a talabijin su maimaita, 'yan Facebook su yayata. Ni kam abin ya ishe ni, don a bayyane yake yawancin masu wannan kururuwa ko shafin farko na takardar ba su taɓa buɗewa ba.

A Abuja aka sa wa yarjejeniyar nan hannu a 1998, kuma abin da ta fi nanatawa shi ne babu garken da zai tsallaka iyaka sai da takardar shaidar kiwo ta ƙasa da ƙasa, wadda a Nijar suke ce wa CIT. A ciki ake rubuta yawan dabbobin da irinsu, alluran rigakafin da aka yi musu, burtalin da za su bi, mashigar da za su shiga ta ita da kuma inda za su yada zango. Ta ce da rana kaɗai ake tsallakawa, banda dare. Ta ce duk shanu 50 sai da makiyayi aƙalla ɗaya, kuma wanda ya kai shekara 18, riƙe da katin shaidarsa. Garken da aka samu babu takarda a killace shi, mai shi ya biya kuɗin killacewar. Har ma ta ba ƙasar da za a shiga ikon tsayar da lokacin shigowa da na fita da adadin da za ta iya ɗauka. To don Allah ina wangalewar take a nan? Doka ce da muka rattaba wa hannu muka jefa a durowa, yanzu an bar jaki ana dukan taiki.

Kuma wallahi abin da ya fi ba ni haushi, duk muhawarar an mayar da ita ta bindiga, babu mai maganar cuta, alhali asalin takardar nan ta lafiya ce. Dattawan ruga har yau suna ba da labarin bushiya, annobar shanun da ta share garkuna a farkon shekarun 1980, mutum ya wayi gari da shanu ɗari ya kwana ba shi da na tatsa. Sai a 2011 aka ayyana an kawar da ita daga duniya, kuma da allura da sa ido a kan iyakoki aka yi wannan aiki. Ciwon huhu na shanu yana nan, ciwon baki da kofato yana nan. A 2023 da cutar saifa (anthrax) ta ɓulla a arewacin Gana, me hukumominmu suka yi? Sanarwa suka fitar wai a daina cin ganda, bayan 'yan makonni aka tabbatar da cutar a wata gona kusa da Suleja. Ƙasar da ke da cibiyar yin allurar dabbobi a Vom tun 1924, amma ƙarfinta ya ƙare a kan ganda.

Za a ce ai makiyayan ne ba sa son takarda. Eh, da yawa ba sa so, amma a tambayi dalili mana. Bafulatani ya taso da garkensa tun asuba ya nufi ofishin malaman dabbobi, ya tarar fom ya ƙare, firijin allura ba wuta, mai sa hannu ya shiga gari sai gobe, shanu kuma suna tsaye a rana ba ruwa. In ma ya samu takardar, shingen gaba ba wanda zai duba ta, abin da za a ce masa kawai shi ne a ba yara na ruwa, mai takarda da marar takarda kuɗinsu ɗaya. Mutumin da kakansa ya sha gudun jangali, kana ce masa ya zo ya rubuta yawan shanunsa a gaban hukuma a banza, haba. Dole ya bi daji, kuma iyakar Najeriya da Nijar kusan kilomita 1,500 ce, dajin ba ya ƙarewa.

Masu cewa a rufe kawai su dubi ƙasar Benin, ta hana shigowar garkunan waje a ƙarshen 2019, ba a yi wata uku ba ta koma ta zauna da Nijar ta ba da izini na musamman. Su kuma masu tallan lambar kunne da kwamfuta suna kawo mana misalin Botswana, su fara samar da biro da fom a Maigatari da Illela tukuna.

Wani abin da ba a son faɗa shi ne, yarjejeniyar da ake ta zagi ma ta riga ta rame. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma daga can garkuna da yawa ke gangarowa da rani. Mun ga yadda raguna suka yi tsada da babbar sallar 2025 lokacin da Nijar ta hana fitar da dabbobi, wannan kaɗai ya isa ya nuna wa ke buƙatar wa. Ma'aikatar kiwo da aka ƙirƙiro a 2024, in da gaske take, ta nemi zama da Yamai kai tsaye a amince da takarda ɗaya, a kai malaman dabbobi da allura kyauta bakin mashigai lokacin kaka kafin garkuna su motsa, a sa arɗo-arɗo a ciki, sannan duk jami'in da ya karɓi ko sisi a hannun mai cikakkiyar takarda a tuɓe masa kaki.