Auren jami'in diflomasiyya ba hutu ba ne

Yana ɗan ba ni haushi yadda ake ɗauka cewa matar da mijinta ya fara aikin diflomasiyya, ko mijin da matarsa ta fara, kakarsu ta yanke saƙa: fasfo na musamman, kariya daga shari'a, sai yawon ƙasashe. Zaton yana da tushe, domin Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar diflomasiyya tsakanin ƙasashe ta ba iyalin da ke zaune tare da jami'in irin kariyar da ta ba shi.

Sai dai yarjejeniyar ba ta ba su izinin aiki ba. Wannan sai in ƙasar da ta turo jami'in da wadda ta karɓe shi sun daidaita a tsakaninsu, kuma ba ko'ina aka yi hakan ba. Ɗauki ma'aikaciyar jinya: ko ta samu izinin, wataƙila lasisinta ba zai yi aiki a can ba. Kafin ta gama neman sabo, wa'adin shekara 2 zuwa 4 ya cika, an tura su wata ƙasa.

Shi jami'in yana da ofis da abokan aiki tun ranar farko. Ita kuwa aka bari da neman wa yara makaranta, cikin harshen da ba ta ji.