An bar jaki ana dukan taiki: kan hoton likitar da ta yi barci

To, kun gama? Ko akwai sauran zagin da ba ku sauke mata ba, in jira ku ƙarasa? Kwana uku ke nan hoton nan yana yawo, yarinya ta kifa kanta a kan tebur, biro a hannu, fayil a buɗe, barci ya sace ta. Wani gwarzo ya zaro waya ya ɗauka, ya rubuta "ga irin likitocin da muke ba wa amanar rayukanmu", kowa kuma ya zama alƙali. Sannunku da aiki. Mutane tara ne suka turo mini shi, biyu daga ciki har da tambayar "Likita, me za ka ce?" To ga abin da zan ce.

Wa ya rubuta jadawalin aikinta? Tambayata ke nan. A cikin ɗaruruwan maganganun da na karanta ban ga mutum ɗaya da ya tambayi ƙarfe nawa ta shiga aiki ba, majinyata nawa ke hannunta a daren, su nawa ne ya kamata su kwana a sashen, su nawa suka kwana. An ga kai a kan tebur, an yanke hukunci. An bar jaki ana dukan taiki.

Ban san ta ba, ban taɓa ganinta ba. Amma na san wannan kwanciyar, domin na yi ta. Wanda ya yi niyyar barci ba ya kwanciya da biro a hannu. Wanda ya yi niyya yakan nemi ɗaki ya rufe ƙofa ya cire takalmi. Wannan irin ta wanda ya zauna zai rubuta layi biyu ce, ya farka ya tarar biron ya ja wani dogon zane har ƙarshen takarda. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama, kuma ba ya duba takardar digiri.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne masu cewa da za ta tashi tsaye ta ci gaba da aiki da hankalinsu ya kwanta. Wallahi da kun san abin da muka sani, wadda ta runtsa minti ashirin za ku roƙa ta duba ku. A 1997 wasu masu bincike a Ostareliya, Dawson da Reid, suka gwada mutane ta hanya biyu: a wani zagaye aka hana su barci, a wani zagayen aka ba su barasa, sannan aka auna saurin hannu da ido. Wanda ya kai awa 17 ido biyu, aikinsa ya yi daidai da na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini. Wanda ya kai awa 24, daidai da mai kashi 0.10. A ƙasashe da dama mai wannan adadi a jini idan aka kama shi da sitiyari, ƙwace lasisi ne. Mu kuwa a wannan halin ake miƙa mana wuƙar tiyata, kuma a yaba mana, a ce wane jarumi ne, bai runtsa ba tun jiya. Idan likita ya shigo yana tangaɗi da warin giya, ba wanda zai bari ya taɓa ɗansa. Idan ya shigo da ƙwaƙwalwa iri ɗaya saboda rashin barci, sai a ce masa sannu da ƙoƙari.

A 2004 aka buga wani bincike na Jami'ar Harvard a kan sababbin likitoci a sashen kula da masu tsananin ciwo a Boston. An kwatanta masu duti mai tsawon awa 24 zuwa sama da waɗanda aka taƙaita musu zuwa awa 16. Masu dogon dutin sun fi yin manyan kurakurai da kusan kashi 36 cikin ɗari, kuma manyan kurakuransu wajen gane cuta sun ninka fiye da sau biyar. Shekara guda bayan haka wani binciken ya nuna cewa haɗarin mota a hanyar komawa gida yana ninkawa fiye da sau biyu bayan irin wannan duti. Ashe ba majinyaci kaɗai ake jefawa a rami ba. To wa ya rubuta jadawalin?

Bari in ba ku nawa, ko da yake ba na son tuna shi. Shekarata ta farko da fara aiki, dare na biyu a jere, wajen ƙarfe huɗu na asuba, na rubuta wa wani yaro magani. Na yi lissafin nauyinsa daidai, na san maganin kamar sunana, amma ɗigon da ke raba lambobi ya sauka a inda bai kamata ba. Ninki goma. Wata nas da ta girme ni da shekara ashirin ta zo ta tsaya a kaina da takardar, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Likita, ɗan sake duba mini wannan, idona ne ba ya gani sosai." Idonta lafiya lau yake. Sutura ta yi mini. Na duba, jikina ya yi sanyi, na gyara, na shiga banɗaki na wanke fuska ina rawar jiki. Yaron ya warke ya tafi gida, iyayensa suka yi ta mini godiya, ba su san komai ba. A daren nan ban yi barci a kan tebur ba. Ido biyu nake, tsaye, irin likitan da kuke so. Da wani ya ɗauki hotona da an sa mini albarka.

Na san abin da za ku ce, an riga an faɗa mini. Ai sun yi rantsuwa. Madalla da masu hadda. Wace rantsuwar? Wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta tsara a Janiba a 1948 an sabunta ta a watan Oktoba na 2017 a Chicago, cikin abin da aka ƙara mata akwai wannan layi: likita zai kula da lafiyarsa da walwalarsa da ƙwarewarsa domin ya iya ba da kulawa mafi inganci. Yana cikin rantsuwar, ku je ku karanta. Don haka idan rantsuwa kuke so a cika, sai ku nemi wanda ya hana ta cika wannan layin.

Ai su suka zaɓi aikin. Ƙwarai kuwa. Matuƙin jirgin sama ma shi ya zaɓi aikinsa, amma a Turai doka ba ta bari ya wuce awa 100 a sama cikin kwana 28. Direban babbar mota a can dole ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, akwai na'ura a motar da ke rubuta komai, kuma idan ya saɓa har kamfanin ake ci tara. Ba wanda ya ce raggaye ne. An dai yarda cewa mutum ne, jini da tsoka. Kwantenar kaya ta samu direba mai hutu, mai naƙuda ba ta samu likita mai hutu ba.

Sai kuma manyanmu, da girmamawa nake magana, masu cewa "mu a zamaninmu kwana uku muke yi a asibiti ba mu ga gida ba, ga shi mun zama mutane." Ranku ya daɗe, kun zama. Amma waɗanda ba su zama ba ba sa nan su ba da labari, haka ma majinyatan da ɗigonsu ya sauka a inda bai kamata ba kuma babu nas mai ido a kusa. Kuma wannan al'ada da ake tinƙaho da ita ba daga sama ta sauko ba. Tsarin horar da likitocin tiyata su zauna a cikin asibiti dare da rana ya samo asali daga William Halsted a asibitin Johns Hopkins da aka buɗe a 1889. Halsted gwani ne, ba musu, a sashensa aka fara sa safar hannu ta roba a ɗakin tiyata. Amma mutumin ya kamu da jarabar hodar iblis tun lokacin da yake gwada ta a jikinsa a matsayin maganin kashe zafi, daga baya ya koma kan mofin, wani maganin kashe zafi mai sa maye, har ƙarshen rayuwarsa. Ni dai ba zan auna juriyar yarinya 'yar shekara 26 da ma'aunin wannan bawan Allah ba.

Wani abokin aiki zai zo ya ce ai binciken da aka yi a Amurka a 2016 bai ga bambanci a sakamakon majinyata ba tsakanin masu dogon duti da masu gajere. Na karanta shi, ɗan'uwa. Duka ɓangarorin biyu ba a bar su sun wuce awa 80 a mako ba. Ka kawo mini awa 80 ɗin tukuna, sai mu zauna mu yi gardamar sauran.

Ita kanta awa 80 ɗin da gawa aka saye ta. A watan Maris na 1984 wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibiti a birnin New York, sa'o'i kaɗan bayan an kwantar da ita. An ba ta allurar da ba ta jituwa da maganin da take sha, kuma ƙaramar likitar da ke kula da ita tana riƙe da majinyata kusan 40 a daren. Mahaifinta lauya ne kuma ɗan jarida, ya tayar da ƙura shekara da shekaru. A 1989 jihar New York ta kafa dokar hana ƙananan likitoci wuce awa 80 a mako, a 2003 aka game ta a duk faɗin Amurka. Ingila ta sauko da ƙananan likitocinta zuwa awa 48 a 2009. Mahaifin nan ya yi fushi da likitocin, har kotu ya kai su, amma bai tsaya nan ba, ya bi sawu har ya kai ga masu rubuta jadawali. Ku kuwa kun tsaya a kan yarinyar da ta kifa kai.

Ba na cewa duk likita waliyyi ne. Akwai masu wulaƙanci, akwai mai danna waya mara lafiya yana magana, akwai wanda ba ya bari ka kai ƙarshen jimla, na yi aiki da su kuma wata rana ni ne shi. Wannan magana ce ta wata rana, ku tuna mini zan yi ta. Hoton nan bai nuna wulaƙanci ba, gajiya ya nuna.

Yanzu bari in sauke murya, domin akwai abin da ke ci mini rai. Yarinyar nan ta ga hoton. Ta karanta abin da kuka rubuta, irinmu ba ma iya ƙin karantawa. Gobe za ta koma sashen nan, kuma ba za ta ƙara yarda ta zauna ba. Za ta yi ta zagaye a tsaye don kada wani ya sake ɗaukarta, za ta rubuta magani a tsaye da ƙwaƙwalwar awa 30. Kun sa ta zama mai haɗari fiye da yadda take jiya. Kuma idan wani abu ya faru, sunanta ne zai fito a jarida, lasisinta za a karɓe, wanda ya bar gurbin likitoci uku babu kowa yana gida yana munshari. Wani nazari da ya tattara bincike sama da 50 a 2015 ya gano cewa kusan kashi 29 cikin ɗari na likitoci masu neman ƙwarewa suna fama da baƙin ciki mai tsanani ko alamominsa. Kusan ɗaya cikin uku. Ba sa faɗa, domin a wannan sana'a wanda ya ce na gaji kamar ya ce ban iya ba ne. Na taɓa rasa wanda muka yi karatu tare, ba ciwon jiki ne ya ɗauke shi ba, Allah ya jiƙansa. Har ranar ƙarshe yana zuwa aiki a kan lokaci.

Idan kina karanta wannan, ƙanwata, ba ki yi abin kunya ba. An taɓa yi wa wata irin haka a Monterrey ta ƙasar Meziko a 2015, sai likitoci daga ƙasashe da dama suka yi ta saka hotunansu suna barci a kan tebura da kujeru da dandamalin asibiti, kowa yana rubuta "ni ma na yi barci." To ni ma na yi, sau ba adadi, har a tsaye na taɓa yi, na jingina da bango ina jiran a miƙo mini jakar jini.

Shi kuma mai ɗaukar hoton, na fahimci wataƙila ya daɗe yana jira da mara lafiya a hannu, kuma jira da mara lafiya azaba ce. Da ya taɓa teburin ya ce "Likita" da ta zabura ta miƙe, haka muke. Da ya juya kyamarar ya ɗauki allon da aka liƙa jadawalin, da ni da kaina zan taya shi yaɗawa.

Af, tunda ana maganar hoto da waya: 'yan'uwa da abokan arziki masu turo mini sakamakon gwajin jini ta WhatsApp ƙarfe ɗaya na dare, don girman Allah ku riƙa goge kyamarar ku kunna fitila. Jiya wani ya turo mini takarda a karkace, rabinta yatsansa ya rufe, babu shekarun mai ita, babu abin da ke damunta, sai "Likita duba mana." Bayan minti huɗu ya sake turo alamar tambaya guda uku.