Masu haɗa tafiyar Filato a damina, ku ji tsoron Allah

Wallahi abin da masu haɗa yawon buɗe ido suke yi mana a Zariya ya isa haka. Ba a karɓar kuɗin mutane a ce za a kai su ganin duwatsun Filato a tsakiyar watan Agusta sannan a kawo musu bas ɗin da ko garin Giwa da ke nan kusa ba za ta kai lafiya ba in ana ruwa.

Fosta ce aka yi ta yawo da ita a WhatsApp, wai za a je Kerang a ga tsohon dutse mai aman wuta, a wuce tafkin Pidong da ke Ampang West a ƙaramar hukumar Mangu, wanda ruwa ne ya taru a bakin dutsen da ya taɓa aman wuta, in lokaci ya rage a tsaya Riyom. Muka biya kuɗi ba kaɗan ba, akwai ɗaliban Samaru da suka matse daga kuɗin abincinsu, akwai wata Hajiya da jikokinta. Ranar tafiya sai ga mota tayoyinta duk sun suɗe, waifa ɗaya ce ke motsi, ita ma ta gefen fasinja. Aka yi magana tun a Kwangila, mai haɗa tafiyar ya ce ai direban gwani ne kar mu damu.

Muna wuce Pambeguwa hadari ya haɗo, kafin Saminaka ruwa ya kece da iska kamar da bakin ƙwarya, rufin motar ya fara yoyo ta ko'ina har da kan na kujerar baya, tagar da ba ta rufuwa aka toshe da leda iska ta fizge ta, kwandasta ya leƙa rabin jikinsa waje yana goge gilashin gaba da tsumma mota na tafiya, ga tireloli na zuwa ga ramuka cike da ruwa ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Hajiya ta ce masa "ɗana, don girman Allah ka ce ya tsaya, akwai yara a motar nan." Sai cewa ya yi wai lokaci na ƙurewa. Lokacin me? Ran mutane fa ake magana!

Kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne babu wanda ya san wurin a cikinsu. Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, sanyinta da damina ba irin na Zariya ba ne, duk wanda ya taɓa zuwa ya san haka, amma ko layi ɗaya ba a rubuta a guruf ba cewa a zo da rigar sanyi ko rigar ruwa. Yara suna ta karkarwa. Bayan Mangu aka sauka daga kwalta direba ya ɓace hanya, sai 'yan acaɓa muke tambaya. Ƙasar wajen mai kyau ce, ita ce ke ba da dankalin turawa da masarar da ake kawo mana kasuwa, amma in ta sha ruwa santsi gare ta, motar ta dinga zamewa har ta kafe, maza suka fito turi cikin taɓo. Gajimare ya sauko ya rufe duwatsun gaba ɗaya. Kerang ɗin da ake ɗibar ruwan Swan a gindinsa, ba mu ga ko rabin tsayinsa ba, tafkin Pidong kuwa ba a ma kai ba.

Ba wanda ya ce su hana ruwan sama, na Allah ne. Amma wanda ya mai da wannan sana'a dole ya san cewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne hanya ke bushe, in kuma ya nace sai damina to ya nemo mota mai ƙarfi da ɗan gari da zai yi jagora, ya tashi da asuba.

Yanzu ga shi mai haɗa tafiyar ya daina ɗaukar waya, ya kulle guruf ba mai iya magana sai shi, kuma na ga ya fara tallar wata tafiyar zuwa tafkin Tila da ke kusa da Biu. Malam, ka fara dawo mana da kuɗin Pidong da ba ka kai mu ba, na ɗaliban nan da na Hajiya su ne farko.