Mai ƙaho uku a gidan haya

Wani abokina mai sayar da tsuntsayen ado ne ya ja mini wannan aiki. Bashi nake bin sa, da na matsa sai ya ce kuɗi kam babu, amma ga wata hawainiya da ta fi ƙarfin bashin, har da takardunta, don irin waɗannan dabbobi ba a tsallaka iyaka da su sai da izini a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai. Hawainiyar Jackson ake ce mata, asalinta tsaunukan Kenya da arewacin Tanzaniya, namijinta kuma ƙaho uku gare shi, ɗaya a kan hanci, biyu a saman idanu. Namijin ya ba ni. Ya ce tunda a Jos nake, garin sanyi, ba zai ba ni wahala ba. Ban ce Allah ya isa ba har yau, amma maganar tana bakina.

Ina shigowa da keji uwargida ta leƙa, ta ja da baya tana salati.

"Baban Hanifa, wannan kuma wane irin baƙo ne?"

Na ce dabbar ado ce, Turawa kuɗi suke zubawa a kanta. Ta ce to Turawan su zo su ɗauki kayansu. Gogan naka kuwa ido ɗaya yana kanta, ɗaya yana kaina, don kowane ido nasa zaman kansa yake yi.

Rigimar farko a kan ruwa aka yi ta. Na zuba masa a murfin kwano, ko kallo bai ishe shi ba. Ashe hawainiya ba ta damu da ruwan da ke kwance ba, ɗigon da ke kan ganye take lasa. Sai na sayo kwalbar feshi irin ta masu aski, safe da yamma ina tsaye ina yi wa ganye wanka. Da hunturu ya shigo iska ta bushe, na ƙara da ledar fiya wata, na huda ta da allura na rataye masa tana ɗiga.

Abinci kuwa ba a magana. Na kawo masa soyayyar fara, wadda ni kaina nake haɗiyar yawu a kanta, ya juya mini baya. Sai mai rai, mai motsi. Kuma kafin a ba shi gyare sai an barbaɗe shi da garin kalshiyam, a kuma fito da keji ya sha hantsi, in ba haka ba ƙashinsa ya yi laushi. Amma fa in yana farauta har tausayin kaina nakan manta. Zai tako a hankali yana rangaji gaba da baya kamar ango a cikin babbar riga, idanun nan biyu su haɗu wuri guda, kafin ka ƙifta harshen da ya fi jikinsa tsawo ya fita ya dawo, sai ƙafar gyare kawai ka gani tana reto a gefen baki.

To gyaren nan wa zai kamo? Ni. Sai ku auna abin da maƙwabta suke gani: magidanci da gemunsa, tsakar dare, tsugune a bayan katanga da tocila yana cusa ƙwari a gwangwani. Da asuba ya barbaɗa musu farin gari, ya miƙa wa wata halitta mai ƙaho uku, sannan ya yi ta fesa ruwa bakinsa yana motsi. Lissafin kuɗin makaranta nake yi, amma wa zai yarda?

Yaran gida suka ƙara dagula lamarin. Sun ji an ce hawainiya tana ɗaukar launin duk abin da ta hau, suka ɗora shi a kan jar atamfar uwarsu. Bai yi ja ba, baƙi ya yi, ya hangame baki yana huci, don launin nasu ya fi bin fushi da sanyi da zafi. Kafin la'asar labari ya kai bakin titi cewa aljanin gidanmu ya yi fushi.

Ranar Asabar wata mata ta yi sallama, ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Allah gafarta Malam, a kan kishiyata na zo." Na rantse mata ni malamin firamare ne. Ta ce ai manyan haka suke ɓoye kansu. Bayanta wani yaron ɗan siyasa ya zo da mota, wai maigidansa zai sauya sheƙa, yana son a duba masa.

Na shige ɗaki na bar uwargida da su. Abin da ban sani ba, ita ta gaji da jin ƙarar ƙofa da tsakar dare, sai ta riƙa gaya wa duk wanda ya zo cewa Malam ba ya karɓar kuɗi, sharaɗinsa gyare ashirin masu rai. Yanzu gwangwanaye sun cika mana baranda, kukansu ya hana kowa barci, mai gidan haya ya daina amsa gaisuwata, liman kuma ya aiko yaro wai yana son ganina bayan sallar isha'i, ni da baƙon nawa.