Fayil ɗaya ya ɓata, ba sai an goge kwamfuta ba

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya saka sabuwar manhaja a kwamfutarsa, ya danna ta, maimakon ta buɗe sai ɗan akwati ya fito yana cewa ba a ga VCRUNTIME140.dll ba, ko MSVCP140.dll. Nan take hankali ya tashi. Daga nan hanya biyu muka saba bi: ko a garzaya Google a sauke fayil ɗin daga shafin da ya fara fitowa, ko a kai wa mai gyara ya ce ai sai an yi fomatin, wato a goge komai a sake saka Windows. Duka biyun ban yarda da su ba, ta farkon ma ta fi ba ni tsoro.

Manhaja ba ta zuwa da duk kayan aikinta. Kamar injin niƙa ne na unguwa, ba kowane gida ke sayen nasa ba, kowa kai hatsinsa yake yi can. Akwai ayyukan da manhajoji da yawa suke buƙata iri ɗaya, sai aka tattara su a fayiloli na tarayya, a Windows sunansu yana ƙarewa da .dll, a Linux kuma .so. Da ka danna manhaja, kwamfuta za ta duba jerin sunayen da take nema, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. In guda ya yi ɓatan dabo sai ta tsaya cak, ta faɗa maka sunansa. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Ta ma yi maka rabin aikin.

Domin sunan nan yana nuna mai shi. Duk inda ka ga 140 a irin waɗannan, na Microsoft ne, yana cikin kunshin Visual C++ Redistributable na 2015 zuwa 2022. MSVCR120.dll na 2013 ne, MSVCR110.dll na 2012, MSVCR100.dll na 2010, kuma sabon ba ya maye gurbin waɗannan tsofaffin, kowane zaman kansa yake. Masu tsofaffin wasannin kwamfuta kuma sun san d3dx9_43.dll, shi yana cikin kunshin DirectX na watan Yunin 2010. Duk kyauta suke a shafin Microsoft, na 140 ɗin ma bai kai megabayit 30 ba.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne batun bit 32 da bit 64, wato tsari biyu da ake gina Windows da manhajoji a kai. Ba kwamfutarka za ka duba ba, manhajar za ka duba. In manhajar ta bit 32 ce, kunshin x86 take so ko da Windows ɗinka na 64 ne, shi ya sa nake cewa a saka duka biyun, x86 da x64 na bit 64, a huta. Wanda ya sauke fayil tsurarsa shi ne ke faɗawa ramin nan, domin a Windows na 64 fayilolin 64 suna cikin foldar System32, na 32 kuma suna cikin SysWOW64, akasin abin da sunayen suke nunawa. Ka jefa fayil inda ba nasa ba, sai saƙon ya rikiɗe ya koma 0xc000007b, wanda ya fi na farko wuyar ganewa.

Amma ba wannan ne babban dalilina na ƙin sauke fayil daga kowane irin shafi ba. Fayil ɗin DLL ba hoto ba ne, ba takarda ba ce, umarni ne da kwamfuta take aiwatarwa da duk ikon da manhajar da ta kira shi take da shi. Wa ya ɗora shi a shafin nan? Me ya cusa a ciki? Ba ka sani ba, ka ɗauko ka ajiye a kwamfutar da kake shiga asusun bankinka, ko wadda ke ɗauke da takardun mutane a shagon buga takardu. Wallahi wannan ganganci ne, kuma an mayar da shi ba komai ba.

In kuma fayil ɗin da ya ɓace na manhajar ne ita kanta, leƙa wurin da Windows Defender, manhajar tsaro ta Windows, yake killace abin da yake zargi. Sau da yawa can yake. In manhajar fasasshiya ce wadda aka kwafo a filashi, kada ka yi saurin cewa Defender ya yi kuskure.

'Yan uwana masu Linux, ku ma ba ku tsira ba. Da Ubuntu 22.04 ta fito a Afrilun 2022 da OpenSSL 3, wato kunshin ɓoye bayanai, tsofaffin manhajoji suka fara kukan ba su ga libssl.so.1.1 ba. Sai ka ga ana ba da shawarar a yi mahaɗi mai tsohon suna ya nuna libssl.so.3. Lambar nan ba ado ba ce, an canza ta ne don na ciki ya canza, yaudarar manhaja ba ta haifar da ɗa mai ido. Buga umarnin ldd tare da sunan manhajar ka ga duk abin da ba a samu ba, nemi kunshin da umarnin apt-file, in kuma fayil ɗin yana nan a /usr/local/lib ba a dai gan shi ba, buga umarnin ldconfig ya isa. Ka kuma tuna an daina tallafa wa OpenSSL 1.1.1 kyauta tun Satumbar 2023, don haka sabuwar fitowar manhajar ya kamata ka nema.

Ku kuma masu gyara, don Allah ku ji tsoron Allah. Ɗalibi ya kawo kwamfuta da aikin kammala karatunsa a ciki, ka goge komai saboda kunshin da ba ya cin minti biyar. Ku ajiye duk kunshin Visual C++ daga 2010 zuwa na yanzu a filashi ɗaya, x86 da x64, ku saka wa mutum a gabansa, ku karɓi kuɗin aikinku daidai gwargwado.